Damo Mai Hatimi

Ƙanena Mas'ud ya yi karatu har sai da karatu ya gaji da shi, sannan ya dawo Gummi yana bin damo a daji. Haka nake faɗa wa duk wanda ya tambaye ni, kuma har yau ban ga abin gyarawa a ciki ba.

Mu biyu ne muka rayu cikin 'ya'yan Inna. Ni Habsu ce ta fari, shi ne auta, sauran suna maƙabarta. To ka ga ɗa namiji tilo, wanda Inna ta ƙare ƙuruciyarta wajen turara shinkafa da surfe don ya zauna a aji. Muna jiran likita, ko alƙali, ko dai wani mai mota da direba. Sai ga shi, a daminar da ta biyo bayan yanke jihar Zamfara, ya sauka daga bayan mashin da takalmin roba har gwiwa, da buhu, da sikelin ratayawa irin na mahauta, da gwangwanin fenti shuɗi. Wai ya samu aikin koyarwa a jami'a, kuma bincikensa a kan masu jan ciki ne da kwaɗi.

Na ce, "Kwaɗin me?"

Ya ce, "Kwaɗi dai, Yaya. Amma damo ne babban aikina."

Wallahi sai da na zauna. Inna kuwa ta ci gaba da tankaɗe garin da ta riga ta tankaɗe.

Ya yi mani bayani, ba zan ce bai yi ba. Akwai wata jigawa can bayan gulbi, an wuce gonakin shinkafa, ƙasa mai tauri, suri ko'ina. Ya zaɓe ta ne don maharba ba sa zuwa can. Ya tambaye su tun farko, suka ce wa zai sha wannan tafiya saboda damo, ga shi a bayan gari. Shi kuma abin da yake so ke nan, wurin da ba mai taɓa su. Zai kama damo, ya auna nauyinsa da tsawonsa, ya duba bakinsa da idonsa, ya rubuta masa lamba a gadon baya da fenti, ya sake shi. In ya sake kama shi ya ga ya yi saɓa, sai ya sabunta lambar. Da haka zai san tsawon ransu, da yadda suke hayayyafa, da ko suna ƙarewa. Ya ce in Allah ya yarda, shi ne zai hana damo ƙarewa a ƙasar Gummi. Da gaske yake, idonsa har ƙyalli yake yi. Wannan aikin shi ne ransa, ko maganar aure aka yi masa sai ya karkato da ita ta koma jigawa.

Damon da ya fara kamawa wata ƙatuwar mace ce mai guntun wutsiya, tana zaune a wani suri ƙarƙashin marke. Ita ce lamba ɗaya. Ya sa mata suna Gwaggo, wai tana harararsa kamar yadda ƙanwar Baba take hararar mutane, Allah ya jiƙanta. Duk damina in ya zo, kafin ya gama cin tuwon Inna zai ce bari ya je ya ga ko Gwaggo ta fito. Ni da nake yayarsa ta jini, sai na aika sau biyu kafin ya zo Bukkuyum ya gaishe ni.

Abin ya fi yi wa Inna ciwo. Ba ta zuwa suna ko biki sai an samu wata mai bakin tsiya ta ce, "Inna Maimunatu, wai aikin mi Autanki ka yi? An ce an gan shi kwance rub-da-ciki da hannu cikin rami." Sai a yi dariya a cikin gyale. Inna ta haƙura, ta haƙura, ran nan dai ta ɗaga kai ta ce, "Likita ne. Likitan dabbobin daji. Lafiyarsu yake dubawa."

Ƙarya ta yi? Ba Dokta ake ce masa ba? Ba ya buɗe musu baki ya leƙa? Ni dai a wurina Inna ta faɗi abin da idonta ya gani.

Sai dai akwai wani abu da duk ɗan Gummi ya sani, wanda mai karatu ya manta don ya daɗe bai shiga kasuwa ba. Tun shekarar da naman wata saniya ya kwantar da rabin unguwarmu, ba a sayen nama a garin nan sai an ga hatimi. Malamin dabbobi yana zuwa mayanka da safe, ya duba hanta da huhu, in lafiya lau ne ya buga wa cinya tambarin shuɗin tawada. In ka aiki yaro ya dawo da nama ba shuɗi, kai ma ka san abin da za ka yi wa yaron. Shuɗi a jikin nama, a wurinmu, ma'anarsa ɗaya ce: likita ya duba, a ci.

To akwai wani maharbi, Makau, dogo mai ido ɗaya, wanda yake kawo wa Inna zabi jefi-jefi. Wata rana karensa ya bi zomo har jigawar nan, sai ya dawo da damo mai lamba a baya. Makau ya tsorata, ya ɗauka na gwamnati ne. Ya naɗe shi a buhu ya zo ƙofar gidanmu, lokacin Mas'ud ya koma jami'a.

"Inna, wanga aikin Dokta ne?"

Ta leƙa ta ce, "Nasa ne. Ya duba shi."

"Lafiya lau yake ke nan?"

"Da ba lafiya ba zai sa masa hannu?"

Shi ke nan. Makau ya kai damon kasuwa, ya ce na Dokta ne, dubabbe. Kafin ya rufe baki an saye.

Ka san mutanenmu da abin da aka ce likita ya taɓa. Kafin damina biyu ta zagayo, damo mai hatimi ya zama abin nema. Mai jego a kai mata, mai ciwon baya a kai masa, tsohon da gwiwa ta ƙi shi ma a kai masa. Har daga Anka ake aikowa, masu haƙar zinari suna cewa yana sa ƙarfi. Kuma aka kafa ƙa'ida: mai sayarwa ba zai kawo nama shi kaɗai ba, sai da fatar baya, mai saye ya ga lamba da idonsa. Wasu 'yan iska sun gwada shafa wa nasu bula, aka gane, don rubutun Dokta daban ne, yana karkata hagu. Maharba suka bar damon bayan gari yana yawonsa, suka riƙa tsallake gulbi zuwa jigawa. In sun kama marar lamba sai su sake shi, su ce bari Dokta ya zo tukuna.

Darajar Mas'ud ta tashi a gari, ba kaɗan ba. In ya wuce da buhunsa sai ka ji, "Dokta, sannu da aiki! Allah ya saka! Muna amfana!" Shi kuma ya dawo gida yana murna, ya ce, "Yaya, kin ga mutane sun fara gane muhimmancin abin." Na ce ai dole su gane. Inna ta daina sunkuyar da kai a gidan biki. Matan da suka yi mata dariya su ne yanzu suke roƙo ta yi musu hanya wajen Makau.

Za ka ce me ya sa ba wanda ya faɗa masa. A faɗa masa me? Kai kana zuwa wajen malamin dabbobi ka ba shi labarin cewa ana cin naman da ya buga wa tambari? Kuma shi Mas'ud tun yana yaro ba ya cin damo, ko ƙamshinsa ya ji sai ya fita, don haka Inna ba ta taɓa girka shi yana gida ba. Ya zo Juma'a da yamma, ya wuni a jigawa, ya koma Lahadi. Kasuwa kuwa rabonsa da ita tun yana ɗan firamare.

Ana nan sai ya fara ramewa. Ya dawo daga jigawa ya zauna a kan turmi ya yi tagumi.

"Suna mutuwa, Yaya. Na sa wa ɗari lamba, in dawo in tarar da 'yan tsiraru. Ko gawarsu ba na gani."

Na ce, "Allah ya sawwaƙe. Annoba ce?"

Har ga Allah abin da na ɗauka ke nan. Mutum ya ce maka dabbobi suna mutuwa, ai ciwo za ka kawo a ranka. Wanda aka yanka da bismilla aka ci, mu ba ma cewa ya mutu.

Ya ce shi ma abin da yake nema ke nan. Ya nema, ya nema, har ya samu. Wai maganin feshi ne. Manoman shinkafa suna fesa gonaki, ƙwari da dodon koɗi su sha guba, damo ya ci su, ya shige rami ya mutu a can inda ba mai gani. Lissafin ya zauna daram, don a shekarun ne feshi ya yi yawa a fadama.

Nan ne ni abin ya shafe ni. Mijina, Alhaji Dikko, sana'arsa ke nan a Bukkuyum, taki da maganin feshi. Mas'ud ya hau mashin, ya sha ramukan hanya, ya zo har shagon mijina, gaban mutane, ya ce masa yana sayar da mutuwa a galan. Surukinsa! Mutumin da ya girme shi nesa ba kusa ba. Alhaji ya shigo gida ya ce mani, "Ki ja wa ɗan'uwanki kunne." Na bi Mas'ud har bakin hanya na wanke shi tas. Na ce in dai a kan ƙadangaren banza zai raba ni da gidana, to ya sake tunani. Ya ce damo ba ƙadangare ba ne. Ka ji fa abin da ya dame shi a cikin maganata.

Muka yi kusan shekara ba ma shiri. Shi kuwa a shekarar ce ya yi suna. Ya rubuta binciken, aka buga a wata mujallar masana a ƙasar waje. Aka gayyace shi, ya hau jirgi, ya tsaya gaban Turawa ya nuna musu hoton Gwaggo, ya ce ita kaɗai ta rage cikin na farko. An ce har wata mata ta share hawaye. Ya dawo aka ƙara masa girma, wata ƙungiya kuma ta yi alkawarin gina masa tashar bincike a bakin jigawa, da mota, da ma'aikata. Sharaɗi ɗaya ne: babban malaminsa, Farfesa Abdussalam, zai zo ya ga wurin da idonsa ya sa hannu.

Da Inna ta ji, sai ta ce walima za a yi. Ta aika mani, ta ce ko ana gaba ko ba a yi, in zo in kama mata aiki. Na zo, don uwa ta fi ƙarfin fushi. Na tarar an jiƙa shinkafa, an kama kaji, an yi fura. Na ce to ai an gama. Ta ce da saura.

"Malamin da ya koya masa duba damo zai zo gidana, in ba shi kaza? Kaza ai ko'ina akwai. Aikin ɗalibinsa zai ci."

Ta sa aka kira Makau. Ta tsaya a bakin zaure ta ce masa, "Lamba ɗaya nika so."

Makau ya sosa ƙeya. "Inna, wagga ta fi ƙarfin kowa. Shekara nawa muna bi nata. Tana jin motsi ta shige suri. Akwai ta talatin da wani abu, mai ƙiba, na gan ta jiya."

"Ɗana ba na talatin ya zo a aji ba. Na ɗaya ya zo."

Makau ya tafi da diga da mutum biyu. Sai da suka rushe surin nan gaba ɗaya kafin su same ta. Ya kawo ta da hantsi ranar walima, ya yi gumi sharkaf, da cizo a babban yatsa. Ni na gyara naman, ni na daka yaji. Ban tuna lamba ɗaya ita ce Gwaggo ba sai da na ga guntun wutsiya, kuma ko da na gani, abin da na ce a raina shi ne, to, yau dai an karrama ta. Dabbar da aka yi shekaru ana dubawa, ai ranarta ce ta zo.

Su kuwa tun safe Mas'ud ya ɗauki Farfesa zuwa jigawa don ya nuna masa ita. Suka dawo bayan azahar, Farfesa yana fifita da hula, wani gajeren dattijo mai tumbi da fara'a. Mas'ud ya shigo cikin gida fuskarsa kamar an yi masa rasuwa.

"Inna, an rushe surin Gwaggo. Ban san ko wane ne ba. Na duba ko'ina ban gan ta ba."

Inna ta yi murmushi, ta ce, "Je ka zauna da baƙonka, Auta. Ba abin da ya ɓata."

An shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida. Liman ya zo, mai unguwa ya zo, manoma, maharba, har Alhaji Dikko, wanda na sha wahala kafin ya yarda. Ni da Inna muna daga cikin zaure, inda muke ganin komai. Aka kai shinkafa, aka kai kaji. Sannan Inna ta yafa mayafinta, ta ɗauki kwanon damon da kanta, abin da ba ta taɓa yi ba gaban maza. Ta durƙusa ta ajiye gaban Farfesa. A gefe ta ajiye faifai, ta ɗaga ƙyallen da ya rufe shi, kamar yadda ake yi. Fatar baya ce, an wanke ta, an shimfiɗa, ga lamba ɗaya da shuɗin fenti, ta karkata hagu.

"Malam, ga aikin ɗalibinka. Ba mu da abin da ya fi wannan."

Farfesa bai lura da faifan ba. Ya riga ya kai hannu, ya ce bismilla, ya kai baki. Ya lumshe ido ya ce, "Kai, Hajiya, wannan wane irin nama ne haka?"

Makau ne ya amsa, yana ɗaga yatsansa mai ƙulli. "Damo ne, ranka shi daɗe, mai hatimi. Mu nan ba mu cin wani iri. Tun da Allah ya kawo muna Dokta, ko guda ba mu bari ya lalace a daji. Yana sa hannu, muna bi muna kwashewa."

Liman ya ce, "Gaskiya ne. Ni kaina ya yi mani maganin baya."

Mai unguwa ya ce, "Har Anka ana kai shi. Yaron nan ya fito da sunan garin nan."

Aka yi ta Allah ya yi albarka, Allah ya ƙara basira. Ni kuwa Mas'ud nake kallo. Bai motsa ba. Idonsa yana kan faifan. Na ga leɓensa yana motsi kamar mai karatu a zuci, kuma na rantse lissafi yake yi, yana komawa baya damina bayan damina. A lokacin ne ni ma abin ya faɗo mani gaba ɗaya. Na ce a raina, inna lillahi, ashe annobar mu ce.

Farfesa ya daina tauna. Ya dubi fatar, ya dubi Mas'ud, ya yi masa wata 'yar magana da Turanci a hankali. Daga baya Mas'ud ya faɗa mani abin da ya ce: kada ka ce komai yanzu, an riga an buga binciken, za mu san yadda za a yi.

Inna ba ta tashi ba. Tana durƙushe tana kallon ɗanta, fuskarta cike da wani farin cikin da ban taɓa gani ba, ko ranar aurena.

"Ci mana, Auta. Na san ba ka so, amma yau dai ka taɓa. Guminka ne."

Jama'a suka zuba masa ido. Wallahi na ɗauka zai tashi ya kife kwanon, don na san zuciyarsa, na ga abin da ya yi a shagon mijina. Ya daɗe yana kallon Inna. Sai ya miƙa hannu ya ɗauki tsoka ɗaya ya sa a baki. Yana tauna, hawaye suna zuba har cikin gemunsa.

Inna ta juyo ta harare ni. Sunana ba ta faɗa, don ni ce 'yar fari. "Ke, na ce maki yajin nan ya yi yawa."

Na ce, "Ya yi yawa, Inna."

Farfesa ya so a rufe maganar, kuma ban ga laifinsa ba, tausayin yaron yake ji. Ya ce ai feshin ma ba alheri ba ne, a bar takardar yadda take, a canza irin alamar a yi shiru. Mas'ud ya ƙi. Taurin kan nan da ya kai shi rami shi ne ya hana shi. Ya rubuta wa mujallar da hannunsa cewa bincikensa kuskure ne, ba guba ce ta kashe damo ba, fentinsa ne ya nuna wa maharba wanda za su kama. Suka buga wannan ma. Na ji an ce ya fi na farko samun masu karatu, har a ajin ɗalibai ake ba da labarin ana dariya. Ƙungiyar nan ta aiko da gaisuwa mai daɗi, ba ta sake aiko da komai ba. Tasha, mota, ma'aikata, duk suka bi ruwa. Girman da aka ƙara masa ba a ƙwace ba, amma daga nan bai sake motsawa ba, ɗalibansa suka zo suka wuce shi.

Ya je Bukkuyum ya durƙusa gaban Alhaji Dikko ya ba shi haƙuri. Alhaji ya yafe, amma yafiyar da har yau in an zauna cin abinci sai ya ce, "A duba mani naman nan, akwai hatimi?" Mas'ud ya ce masa duk da haka feshi yana kashe kwaɗi. Alhaji ya ce to ya je ya sa musu lamba.

Abu ɗaya ya roƙe ni: kada Inna ta sani. Na ce ai gara ta sani. Ya ce in na faɗa mata, ba ni ba shi. Ya tara maharba ya yi musu bayani, suka gyaɗa kai don kunya, suka fita suna cewa Dokta ya samu girma ya fara wulaƙanci. Ya ɗauki gwangwanin fentin ya jefa saman rumbu, bai sake sa wa ko ɗaya lamba ba.

To ka ji ikon Allah. Mutanen da suka saba da dubabbe, wa zai koma cin wanda ba a duba ba? Makau ya kawo marar hatimi kasuwa, aka ce ya kai wa karensa. Har na bayan gari aka daina ci. Kafin 'yan shekaru damo ya cika jigawa, ya tsallako gulbi, ya shigo gonaki. Ka wuce ta hanyar fadama da hantsi ka gan su kwance a kan kunya suna shan rana, ba mai ko jifansu. Abin da Mas'ud ya ce zai yi ya yiwu, damo bai ƙare a ƙasar Gummi ba. Sai dai ba inda zai rubuta a yarda da shi, kuma a gari ba mai ce masa sannu da aiki. Makau in ya hango shi sai ya canza hanya. Inna kuwa ta tsaya a kan cewa mahassada ne suka sa aka karɓe masa tambari, tana yi musu Allah ya isa bayan kowace salla.

Daminar da Inna ta kwanta ciwon ajali, ba abin da yake zama a cikinta. Kunu ta ƙi, fura ta ƙi, romon kaza ta kawar da kai. Mas'ud ya baro jami'a ya zo ya zauna. Ran nan da safe muna gefenta, ta buɗe ido ta ce, "Auta, romon damo nika marmari."

Na yi wuf na ce bari in aika a kamo, ai ga su nan ko'ina.

Ta ce, "A'a. Ban cin wanda ba a duba ba." Ta lalubo hannunsa. "Ko guda ɗaya, Auta. In sun hana ka, ka yi a ɓoye. Ba mai ji daga bakina."

Ya dube ni, na dubi ƙasa. Ya tashi ya jawo tsani ya hau rumbu. Fentin ya bushe, sai da ya zuba kananzir ya dama. Ya sa takalmin robarsa, ya ɗauki buhu da sikeli, ya tafi. Bai yi ha'inci ba; Makau, da ya raka shi saboda Inna, ya ce sai da ya auna, ya buɗe bakin ya leƙa, ya saki biyu don bai gamsu da su ba, sannan ya rubuta wa na uku lamba ya miƙa masa ya yanka. A duk shekarun da ya yi a jigawar nan, wannan ne kaɗai damon da ya duba don a ci.

Na yi romon ba yaji. Na kai mata da fatar a kan faifai. Ta sa aka matso da ita kusa da idonta, ta shafa shuɗin da yatsa, bai gama bushewa ba har ya ɗan kama mata fata. Ta sha cokali uku, wanda rabonta da haka an kwana biyu. Sannan ta dubi matan da suka zo dubiya, cikinsu har da masu dariyar nan ta dā, ta nuna musu yatsanta.

"Na dai ce muku likita ne."